Majigi ba ya zana baƙi

Ranar 28 ga Fabrairun 2025 wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a gaban riga ta daina amsa wa masu ita. Ba faɗuwa ta yi ba, ba kuma ruwa ta sha ba. Kamfanin da ya ƙera ta, Humane, ya sayar wa HP fasaharsa a kan dala miliyan 116, aka kashe kwamfutocin da take dogaro da su, ta koma ƙarfen kwalliya. Sunanta Ai Pin. Wanda ya saye ta a farkon fitowarta dala 699 ya biya, ban da dala 24 da ake karɓa duk wata. Ba ta cika shekara guda a hannun jama'a ba.

Babban abin da aka tallata ta da shi shi ne rashin allo. Ka buɗe tafin hannunka a gaban ƙirji, sai wani ɗan mitsitsin majigin leza ya zuba maka koren rubutu a kai: lokaci, saƙo, sunan mai kira. Ka karkata hannu ko ka haɗa yatsu biyu, ka zaɓi abin da kake so. Imran Chaudhri da matarsa Bethany Bongiorno, tsofaffin ma'aikatan Apple, sun tara sama da dala miliyan 200 daga masu zuba jari a kan alkawarin cewa wannan ne zai raba ɗan Adam da wayar salula. Naomi Campbell ta sa ta a bikin nuna tufafi na Faris. Mujallar Time ta lissafa ta cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren 2023 tun ba ta shiga kasuwa ba, alhali mai mujallar, Marc Benioff, yana cikin waɗanda suka zuba kuɗi a kamfanin. Da ta iso hannun masu gwaji a Afrilun 2024, ƙorafinsu kusan ɗaya ne: tana zafi, batirinta ba ya jimawa, kuma da zarar ka fita rana rubutun nan na tafin hannu sai ya dushe.

Ba jaje na zo yi ba. Abin da ke damuna shi ne wannan ba karo na farko ba ne, ba na uku ba. Shekara goma sha biyar ke nan ana sayar mana da mafarki guda, yana mutuwa da ciwo guda, mu kuma 'yan jarida muna sake yi masa guɗa duk lokacin da aka canja masa suna. Ra'ayina shi ne majigin aljihu na'ura ce mai amfani wadda aka yi ta tura ta aikin da ba nata ba, kuma dalilin gazawarta a wannan aiki lissafi ne da ɗan sakandare zai iya yi a bayan littafinsa.

Ni ma ina cikin masu laifin. Ina ɗalibin aikin jarida lokacin da bidiyon SixthSense ya zagaya wayoyinmu ta Bluetooth. Pattie Maes ta cibiyar MIT da ke Amurka ce ta gabatar da shi a taron TED na 2009, aikin ɗalibinta Pranav Mistry. Kyamara ce da ɗan majigi da madubi, a rataye a wuya, da murafun alƙalami masu launi a kan yatsu domin kyamarar ta riƙa bin motsinsu. Kayan duka, in ji su, ba su wuce na dala 350 ba. A bidiyon Mistry ya danna lambar waya a tafin hannunsa, ya zana da'ira a wuyan hannu agogo ya bayyana, ya haɗa yatsu kamar tagar hoto ya ɗauki hoto, ya buɗe jarida hoton da ke ciki ya fara motsi. Na kalle shi ya fi sau ashirin. Na rubuta a mujallar bangon sashenmu cewa wayar da muka sani ta kusa zama tarihi. Ban tambayi kaina ko sau ɗaya ba yaya hasken wurin da aka ɗauki kowane fage yake, ko sau nawa aka maimaita ɗauka kafin a sami wanda ya yi kyau. Bayan shekara huɗu, a 2013, Mistry ɗin nan ya hau dandamali a Balin yana gabatar wa duniya agogon Samsung mai suna Galaxy Gear. Agogo ne mai allon gilashi, irin wanda aka ce mun kusa rabuwa da shi.

Tsakanin wancan bidiyo da mutuwar Ai Pin an yi jerin gwano. Nikon ta sa majigi a cikin kyamara a 2009. Samsung ta fitar da wayar Galaxy Beam a 2012. A 2014 wasu Faransawa suka yaɗa bidiyon wani munduwa mai suna Cicret, wai zai haska fuskar wayarka a kan fatar hannunka har kana cikin wanka. Hoton haɗin kwamfuta ne, sun karɓi gudummawar jama'a, munduwan bai taɓa isa kasuwa ba. Motorola ta yi majigin da ake manna wa bayan waya a 2016. Sony ta kawo Xperia Touch a 2017, mai mayar da saman tebur allon taɓawa na inci 23, a kan kusan dala 1,700. Mai karatu ya duba aljihunsa ya gani ko akwai ɗaya daga cikinsu.

To, ga lissafin.

Allon waya yana samar da haskensa, yana kuma da baƙinsa: inda bai kunna ba, gilashi ne mai duhu. Majigi ba shi da wannan gata. Abu ɗaya kawai ya iya, ƙara haske a kan wanda ya tarar. Ba ya iya rage komai. Abin da idonka yake ɗauka baƙi a hoton majigi, bangon ne da kansa, inda majigin bai haska ba. Idan ɗakin da duhu, bangon baƙi ne, hoto ya fito raɗau. Idan rana ta riga ta wanke bangon, mafi duhun wuri a hotonka fari ne fat, kuma duk abin da za ka rubuta sai ya fi wannan farin haske kafin a gan shi. Wannan ba nakasar wani samfuri ba ce da injiniya zai gyara a fitowa ta gaba. Haka haske yake.

Ana auna hasken da fitila ke fitarwa da lumen, a auna wanda ya sauka a kan fili da luks. Luks ɗaya shi ne lumen ɗaya a kan murabba'in mita guda. Galaxy Beam lumen 15 take bayarwa, an kuma ce tana iya yin hoto mai faɗin inci 50. Hoton inci 50 ya ɗan gaza kashi bakwai cikin goma na murabba'in mita. Raba 15 da wannan, ka sami luks 22 ko kusa da haka. Ofis mai wadatar fitilu yana tsakanin luks 300 zuwa 500. Wato hasken ɗakin ya ninka na hoton fiye da sau goma tun ba a buɗe labule ba. Hasken rana tsaka kuwa yana kaiwa luks 100,000.

Masu tafin hannu za su ce ai shi ya sa suka ƙanƙantar da hoton, kuma da gaskiyarsu ta wannan fuska. Ɗauki fili mai santimita 8 tsawo da 8 faɗi, kimanin tafin babban mutum. Lumen 15 a kan wannan ɗan fili ya haura luks 2,000, ya isa a karanta a cikin ɗaki. Amma ka fita da shi tsakar rana, ya zama kashi biyu cikin ɗari na hasken da ya riga ya sauka a hannunka. Domin ka yi kunnen doki da rana a kan wannan tafin, lumen 640 kake bukata, daga na'urar da ba ta fi kwalin ashana girma ba, wadda ke manne da ƙirjinka, ba ta da fanka, batirinta kuma ɗan ƙarami. Idan leza ce, akwai ƙa'idojin kare ido da suka taƙaita ƙarfin da za a bari ta fitar, tunda yaro na iya ratsawa ta gabanka ya kalli tsakiyarta. Saboda haka zafin Ai Pin da gajeren numfashin batirinta da dushewar rubutunta ba matsaloli uku ba ne. Guda ce ta fito ta ƙofa uku.

Sauran cikas ɗin ba sa bukatar dogon bayani. Hannu yana rawa, ƙirji yana hawa yana sauka da numfashi, tafi ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Fata kuma ba farar takarda ba ce: gwargwadon duhunta, gwargwadon hasken da take shanyewa maimakon ta mayar wa ido. Tafin baƙin mutum yana da ɗan haske, amma bayan hannu da sangali, inda Cicret ya yi alkawarin zuba hotonsa, ba haka suke ba. Duk wanda ya zaɓi fata a matsayin allo ya riga ya yanke cewa wasu za su fi wasu ganin rubutun, ko ya lura ko bai lura ba.

Sai dai kuskuren da ya fi na lissafi girma shi ne na rashin fahimtar ɗabi'ar abin. A nan harshenmu ya riga su sani. Kalmar majigi ta samo asali ne daga sunan Turanci na tsohuwar fitilar nuna hotuna, kuma a Arewacin Nijeriya ta zama sunan motar silima ta gwamnati da ke shiga gari da magariba, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin kasuwa, a nuna finafinan tsafta da noma da labarun hukuma, wani mai bayani yana fassarawa da lasifika. Brian Larkin ya yi dogon nazari a kan wannan a littafinsa Signal and Noise na 2008, wanda ya gina a kan Kano. Duk abin da za a ce game da manufar Turawan mulkin mallaka, abu biyu ba su kuskure ba: sun jira dare, sun kuma tara jama'a. Majigi abin taro ne. Hasken da ya bar na'ura ya sauka a bango ya zama na duk mai ido.

Yanzu dubi abin da muke yi da waya. Saƙon banki, sakamakon gwajin asibiti, maganar miji da mata, bashin da ake bin ka. Waya ta yi nasara ne domin allonta ƙarami ne, kana iya karkata shi, kana iya kifa shi a cinya idan wani ya matso. Wanda ya ce zai maye gurbinta da majigi yana cewa ne ka karanta sirrinka a kan abin da na kusa da kai a mota yake gani tare da kai. An ɗauki na'urar da duk ƙarfinta yake a tarayya, an ce ta yi aikin da duk darajarsa take a keɓewa. Ko da rana ta yi mana alfarma ta rage haske, wannan ba zai gyaru ba.

Abin takaici, masu bincike na gaske sun gane haka tun da wuri, kasuwa ce ta ƙi saurare. A farkon shekarun 2000 Ramesh Raskar da abokan aikinsa a ɗakin binciken Mitsubishi da ke Amurka sun ɗauki majigin hannu a matsayin tocila mai wayo. A aikinsu na 2004 sun manna wa kwalayen sito wasu ƙananan tambura masu jin haske. Ma'aikaci ya haska kanta, majigin ya yi alama a kan kwalayen da kayan cikinsu suka kusa lalacewa. A Jami'ar Toronto, Xiang Cao da Ravin Balakrishnan sun gwada yadda mutum zai riƙa yawo da hasken a bango yana tono bayanan da aka jera a wurin, kamar mai neman abu a ɗaki mai duhu, daga baya suka gwada mutum biyu su haɗa haskensu su yi musayar takardu. A 2011 masu binciken Disney suka yi SideBySide, inda majigi biyu ke gane juna ta wasu alamu na hasken da ido ba ya gani, har 'yan damben da kowannensu ya haska su kai wa juna naushi a bango. Ba ko ɗaya a cikin waɗannan da ya ce zai kashe waya. Tambayarsu ita ce: me za a iya yi idan bayani ya sauka a kan abin da ake magana a kai, kowa kuma yana gani?

Wannan ita ce fasahar da ake kira ɗori kan zahiri, wato ɗora bayanin kwamfuta a kan abin da ido yake gani. Hanyar da ta fi shahara ita ce ta tabarau, daga Google Glass zuwa HoloLens na Microsoft zuwa Vision Pro na Apple mai dala 3,499. Tabarau mutum ɗaya yake yi wa aiki. Na kusa da shi sai dai ya ga yana lalube a iska. Majigi kuwa yana ɗora alamar a kan abin da kansa, ba wanda ya sa komai a fuska, mutum biyar suna iya nuna wuri guda da yatsa. Fifikonsa ke nan, kuma shi kaɗai ne, amma ba ƙarami ba ne.

Misalin da ya fi gamsar da ni yana asibiti. Akwai na'urorin neman jijiya, irin su AccuVein da VeinViewer. Suna haska fata da hasken infared. Jini yana shanye wannan haske fiye da naman da ke kewaye da shi, kyamara ta ga bambancin, sai majigi ya zana taswirar jijiyoyin a kan fatar daidai inda suke. Dubi yadda kowane cikas da na lissafa ya kauce da kansa. Filin ƙarami ne, tazarar gajera ce, a cikin ɗaki ake, launi ɗaya ya wadatar, aikin na daƙiƙu ne ba na yini ba. Sirri kuma bai taso ba, domin so ake nas da mai koyon aiki da uwar yaro duk su gani. Wanda ya taɓa riƙe yaro mai sikila ana laluben jijiyarsa karo na huɗu domin ƙarin ruwa ya san darajar abin da ake nema a nan. Amma gaskiya ɗaya ce: gwaje-gwajen asibiti ba su yi ittifaƙi a kan cewa na'urar tana ƙara samun jijiya a sukar farko ga kowane maras lafiya ba, musamman a hannun ƙwararriyar nas, kuma kuɗinta dubban daloli ne. Idan zan nemi hujja daga Humane, dole in nema daga waɗannan ma. Bambancin shi ne su an kai su gaban gwaji an auna, ba a dandamalin nuna tufafi aka yanke musu hukunci ba.

Misali na biyu ba shi da ƙyalli ko kaɗan. Digital Green ta faro ne a Indiya a 2006 daga wani aikin bincike na Microsoft ƙarƙashin Rikin Gandhi. Ana ɗaukar gajeren bidiyo, na kamar minti goma, na wani manomin yankin yana nuna wata dabara da harshensa a gonarsa, sai wani ɗan gari ya nuna wa ƙaramin rukuni. Da talabijin suka fara, daga baya suka koma majigin aljihu mai batir, saboda yana shiga jaka, ba ya neman janareta. Tsarin ya kai Habasha, kuma a 2015 shirin SPRING ya gwada shi a ƙauyukan jihar Maraɗi ta Nijar, da bidiyoyin Hausa a kan ciyar da ƙananan yara da wanke hannu. Luks 22 ɗin nan da ya zama abin dariya a ofis, a ɗakin da aka rufe ƙofarsa ko a tsakar gida bayan isha'i haske ne mai yawa, tunda farin wata ma bai kai luks ɗaya ba.

Za a ce wannan ai kallon bidiyo ne kawai, ina mu'amala a ciki, ina ɗori kan zahiri? Na yarda babu kyamarar da ke bin yatsun kowa. Amma mai gabatarwa tana tsayar da hoton, ta tambayi matan me suka gani, wata ta tashi ta taɓa bangon ta ce ba haka ake dama kunun ba a gidansu, a yi gardama, a mayar da bidiyon baya. Wadda ke cikin hoton kuma mace ce irinsu, mai magana da karin harshensu. A nan ya rabu da majigin Turawa, wanda daga sama yake zubo magana ba ya jiran amsa. Idan mu'amala tana nufin abin da ke faruwa tsakanin mutane saboda na'ura, to wannan ɗakin ya fi tafin hannun Chaudhri cika sharaɗin.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini ita ce fasaha tana ci gaba, abin da ya gagara jiya yana iya yiwuwa gobe, kuma mutane da yawa sun ji kunya bayan sun ce wani abu ba zai yiwu ba. Haka ne. Fitilun LED da leza sun inganta ƙwarai, majigin da ya kai girman gwangwanin lemo yau yana ba da lumen ɗaruruwa. Ina sa ran hakan zai faɗaɗa ayyukan da na ambata: makaniki ya ga alama a kan ƙusar da zai kwance, tela ya ga layin yanka a kan yadi, malamin aji ya ɗora sunayen ƙasusuwa a kan gunkin koyarwa. Amma a lura, allon waya ma ba a tsaye yake ba, kuma shi yana da baƙinsa. Duk lumen ɗin da aka ƙara wa majigi yana kawo zafi da cin batir da haɗari ga ido, rana kuwa tana nan a luks 100,000. Sannan babu adadin lumen da zai hana maƙwabcinka karanta saƙonka.

Abin da ya rage namu shi ne mu daina ɗaukar bidiyon talla a matsayin rahoto. Bidiyon ƙaddamar da Ai Pin da kansa ya nuna na'urar tana ba da amsar kuskure a kan inda za a fi ganin husufin rana na Afrilun 2024, aka kuma sake shi haka, sai da jama'a suka ankarar kafin a gyara. Kamfanin da bai tantance tallansa ba, mu muka ɗauki alkawarinsa muka buga.

Haka abin yake a ƙaramar kasuwa. Shafukan sayayya cike suke da ƙananan majigi masu iƙirarin lumen dubu bakwai ko dubu tara a farashin takalmi. Waɗannan lambobi ba da ma'aunin ANSI ko ISO aka same su ba, waɗanda ke auna hasken da ya isa allo a wurare tara a ɗauki matsakaici. Epson ta kai kamfanoni da dama kotu a Amurka a kan irin wannan ƙari. Bara na halarci wata bita a wani otal, inda masu shiryawa suka zo da irin wannan majigi sabo a kwalinsa, an saye shi da kuɗin shirin, an kuma ce za a raba wa ma'aikatan karkara irinsa. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe aka kunna. Aka ja labule, ba a ga komai ba. Aka kashe fitilu, rubutu ya fito kamar tabon ruwa a bango. Daga ƙarshe mai jawabi ya ɗaga kwamfutarsa sama yana juya ta dama da hagu, mu talatin muna miƙa wuya. A jikin kwalin an rubuta lumen 8,000.